Allon Ya Ce An Tura

Litinin, 2 ga wata, 7:10 na safe

Ina cikin mota a ƙasan ginin kamfani. Na kashe inji tun ɗazu, amma na kasa fita. Littafin nan na lissafin 'yata Auta ne, ta yi shafi uku ta yar. Na ɗauko shi ne saboda akwai abin da ba na so in rubuta a kwamfutar ofis, inda komai yake da mai karantawa.

Saura kwana goma sha biyu a buɗe sabuwar manhaja.

Shekara tara ina kula da ayyuka a kamfanin nan. Ba ni nake rubuta manhaja ba. Aikina in san wa ke yin me, yaushe zai gama, me ya tare shi, sannan duk Laraba in aika rahoto sama da launi ɗaya cikin uku. Kore, komai daidai. Rawaya, a sa ido. Ja, a tsaya.

Wannan karon manhajar agajin gaggawa muke ginawa. Mutum ya kira, mai amsa kira ta shigar da adireshi ta danna, manhaja ta nemo motar asibiti mafi kusa ta tura mata. Mu arba'in da ɗaya, wata goma sha huɗu. Ranar buɗewa kuwa 'yan sashen talla ne suka tsayar da ita a wajen wata liyafa, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya cikin masu aikin ba.

Ranar Juma'a shugaban masu gwaji ya gano wani abu. Malam A'a muke ce masa, don tun da nake ban taɓa jin ya ce i da farko ba. Ya ce in masu amsa kira biyu suka danna a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci saƙon na biyu ba ya isa ga kowace mota. Amma allon sai ya rubuta "an tura".

Bari in shiga. Mai gadi ya fara leƙen motata.

Talata, 3 ga wata, 1:40 na rana

Taro huɗu tun safe. A na uku hukumar da ta ba mu kwangilar ta aiko da sabuwar buƙata: suna so taswira ta riƙa nuna yawan man da ya rage a kowace mota. Ƙari na sittin da uku ke nan, kuma ranar ba ta taɓa matsawa ko da yini ɗaya ba.

Dogo, shugaban masu rubuta manhaja, ya kwantar da kai a kan tebur ya ce, "Anti Manaja, keke aka ce mu ƙera. Yanzu an ce ya tashi sama, kuma a ranar da aka sa wa keken."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Bayan taro na tare shi a bakin lif na tambaye shi maganar Malam. Ya ce ɓangaren da ke jera saƙonni na 'yan hawa na huɗu ne, wanda ke kai su ga motoci na 'yan hawa na shida ne. Kowanne ya gwada nasa ya ga lafiya lau. Matsalar a tsakaninsu take, kuma tsakanin ba shi da mai shi. Wata shida ke nan rabon da su zauna a ɗaki ɗaya.

Na ce, "Kwana nawa gyaran gaske zai ci?"

Ya ce, "Mako uku, in an bar mu mun numfasa. Manhajar ma ta san taura biyu ba ta taunuwa, mu ne ba mu sani ba."

Laraba, 4 ga wata, 6:05 na yamma

Na sa ja da ƙarfe uku. Uku da kwata sakatariyar Darakta ta kira.

Ofishinsa sanyi kamar cikin firiji. Ya zuba mini shayi da hannunsa, ya tambayi jarrabawar 'yata Babba. Yana riƙe irin waɗannan abubuwa, shi ya sa ake son sa.

Ya ce, "Na ga kin sa ja."

Na ce, "Yallaɓai, Malam ya ga saƙo yana ɓacewa."

"Sau nawa cikin nawa?"

"Uku cikin dubu goma."

Ya jinjina kai. Ya ce unguwa ɗaya za mu fara da ita, kuma kiransu a yini bai wuce ɗari biyu ba. Ya ce kafin biyu su haɗu a daƙiƙa ɗaya, an daɗe da gyarawa. Sannan ya rage murya.

"Ni ban ce ki canza komai ba, Manaja. Rahoton naki ne. Amma in ja ya hau hawa na goma sha biyu wajen manya, ba rana za su ɗaga ba, aikin za su soke. Mutum arba'in da ɗaya. Kin fi ni sanin wanda matarsa ke da tsohon ciki da wanda bai daɗe da kama haya ba."

Na sha shayin duka, ko da yake ya yi mini zaƙi.

Rahoto ya tafi biyar da rabi. Ban taɓa makarar da rahoto ba. Don launi ya zauna daidai, sai matsalar ta sauka daga "babba" zuwa "ƙarama" a jerin matsaloli. Hakan ma an yi. Da asusun aikin aka shiga, wanda mutum shida suka san kalmar sirrinsa.

Alhamis, 5 ga wata, 7:30 na safe

Ba ƙarya ba ce. Kusan duk aikin yana tafiya daidai.

Juma'a, 6 ga wata, 11:20 na safe

Malam A'a ya hawo da kansa. Da wuya ya bar hawa na biyu, gwiwa tana damun sa. Ya tsaya a gaban teburina da filas ɗin ruwan zafinsa a hammata, ya ajiye takarda ɗaya.

Ya ce, "'Yata, a jerin na ga abin ya zama ƙarami. Ban san wanda ya yi ba, ban kuma zo tambaya ba. Ga shi a rubuce: babba ne, kuma ban yarda a buɗe ba. Sa kwanan wata ki sa hannu kin karɓa."

Na sa. Na miƙa masa, ya ƙi karɓa.

"Taki ce, riƙe."

"Ba za ka ajiye kwafi ba, Malam?"

"In na ajiye, ya zama ban yarda da ke ba."

Da rana sanarwa ta fito an mayar da shi wani aiki, na manhajar ajiye motoci, wai suna buƙatar gogaggen mutum. Ya kwashe filas ɗinsa da matashin kujerarsa. Bai yi wa kowa sallama ba.

Takardar tana aljihun ciki na jakata, inda nake sa katin rigakafin yara.

Lahadi, 8 ga wata, 4:30 na yamma

Na wanke labulen falo da bai yi datti ba. Na sake jera kwanuka. Baban yara yana gyaran takardun ɗalibansa a tebur, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Manaja, in kin gama da kwanukan, mu ma a jera mu ne?"

Na ce gajiya ce.

Ya ce, "Mai gajiya kwanciya yake yi."

Na ce komai lafiya. Ya koma kan jan birensa, amma na ga shafin bai juya ba.

Laraba, 11 ga wata, 5:45 na yamma

Dogo ya yi wa manhajar faci. Shi ma haka ya kira shi. Sun gwada sau ɗari biyu, ko ɗaya bai ɓace ba. Na so in ce Malam sau dubu goma ya gwada. Dogo ya san na so in ce. Idonsa ja, kwana uku da riga ɗaya.

Ya ce, "Anti, ki ce mini ya isa."

Na ce ya isa.

An kawo takardar izinin buɗewa. Layi uku: na Darakta, na hukuma, da na manajan aiki. An cike duka.

Asabar, 14 ga wata, 2:15 na rana

An buɗe da ƙarfe tara. Kira na farko wata mata ce mai naƙuda, mota ta isa a minti shida. Aka yi tafi, aka yanka kek mai siffar motar asibiti. Darakta ya ambaci sunana sau biyu a jawabinsa, ya ce rana ba ta ƙarya, kuma yau uwar ɗiya ba ta ji kunya ba.

An ba ni yankan kek na wajen tayar baya. Na naɗe a takarda na kawo wa Auta.

Talata, 17 ga wata, 8:05 na safe

Kwana uku, kira ɗari biyar da tara, babu wanda ya ɓace. Ina dubawa kafin in wanke fuska. Ina dubawa a jan danja. A hanya yau motar asibiti ta wuce ni da jiniya, na ji daɗi har na ce wa kaina to ga shi, ta samu saƙo. Sai kuma na tuna wadda ba ta samu ba ai ba za a ji jiniyarta ba.

Alhamis, 19 ga wata, 1:00 na rana

Komai lafiya. Komai lafiya. Dogo ya fara gyaran gaske, amma an janye masa mutum biyu don maganar man mota.

Asabar, 21 ga wata, 5:10 na yamma

Ruwa tun sha biyu, kamar da bakin ƙwarya. Dogo ya kira.

Lahadi, 22 ga wata, 10:30 na safe, ofis

Ba kowa a hawa na huɗu sai ni da Dogo. Fitilun rabin ɗakin a kashe.

Jiya saboda ruwan kira ya ninka. Ɗari huɗu da goma sha biyu aka shigar. Ɗari huɗu da goma sha ɗaya suka isa ga motoci.

Ya nuna mini layin a allo. Ƙarfe 3:41 da daƙiƙa takwas, sau biyu. Akwai adireshi. Akwai shekaru, hamsin da takwas. Akwai kalma biyu a gurbin "abin da ke damun sa". Na karanta su. Ba zan rubuta su a nan ba.

Minti arba'in da bakwai kafin wani ya ɗauki rediyo ya tambayi direba inda yake, direba ya ce shi ba a tura shi ko'ina ba.

Na ce, "Sun kai shi asibiti?"

Dogo ya ce, "Sun kai shi."

"Sannan?"

"Iyakar abin da manhaja ta sani ke nan, Anti."

Ya shiga banɗaki ya daɗe. Na ji famfo a buɗe.

Litinin, 23 ga wata, 12:50 na rana

An kashe manhajar. Cibiyar amsa kira ta koma takarda da rediyo.

Lauyan kamfani ya tara mu a ƙaramin ɗakin taro, ya ce kada kowa ya rubuta komai game da ranar Asabar, ko imel ko saƙon waya. Ya ce kada mu ce "kuskure", mu ce "abin da ya faru". Wata daga hawa na shida ta tambayi halin da mutumin yake ciki. Lauya ya ce wannan ba hurumin kamfani ba ne.

An kafa kwamiti. Juma'a za su ji ni.

Na haɗu da Darakta a lif. Hawa bakwai muka yi tare, yana kallon lambobi. Bai tambayi Babba ba.

Talata, 24 ga wata, 4:20 na yamma

Ya kira ni. Yau babu shayi.

Ya juyo mini da allonsa, ga jerin matsaloli, ga abin a rubuce "ƙarama".

Ya ce, "Kin ga abin da yake rubuce. Sashen gwaji sun shigar da shi ƙarami, mu kuma muka yi aiki da abin da muka gani. Haka ne ko ba haka ba?"

Na ci gaba da kallon allon.

"Malam saura masa wata takwas ya yi ritaya. Ba abin da za a yi masa sai a ce ya tafi da wuri. Ke kuwa kina da shekara ashirin a gabanki, da yara biyu." Ya ɗan tsaya. "Ya taɓa ba ki wani abu a rubuce?"

Jakata tana kan cinyata. Na ji hannuna ya danne ta.

Na ce, "Zan duba, Yallaɓai."

"Ki duba da kyau. Wani lokaci mutum yana dubawa ya ga babu."

A bakin ƙofar ofishinsa akwai injin yayyanka takarda. Shekara tara ina wuce shi, sai yau na lura yana da ƙaramar fitila.

Laraba, 25 ga wata, 6:40 na safe

Gaba kura, baya siyaki. Na ƙone burodin yara sau biyu.

Laraba, 1:30 na rana

Na sauka hawa na biyu kamar mai neman wani abu. Malam yana sabon teburinsa kusa da taga, yana gwada ko shingen ajiye motoci zai buɗe wa katin da ya ƙare.

Na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi yara.

Na ce, "Malam, sun kira ka?"

"Gobe."

"Me za ka ce?"

"Abin da na gani."

"In suka ce ina shaida?"

Ya buɗe filas ya zuba ruwa a murfi. Ya ce, "Sai in ce ba ni da ita. Ai ba ni da ita."

Bai dubi jakata ba. Da ya duba da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 26 ga wata, 6:15 na yamma

Na gaya wa Baban yara. A kicin, yara suna waje. Na fara da "an canza", "an sa hannu". Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Wa ya canza?"

Na buɗe baki, sai kuka.

Bai ce mini "ba komai" ba. Na gode masa da bai ce ba. Ya kashe gas, ya ja kujera ya zauna. Ya ce in sun kore ni za mu koma ƙaramin gida, Babba ta canza makaranta, shi ya ƙara darasin yamma. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Ya ce duk wannan zai iya ɗauka.

"Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna da ke shekara ashirin kina wanke labule mai tsabta."

Daga baya na kira Yaya. Ban ba ta labarin duka ba, na ce dai gobe za a tambaye ni abu kuma ina tsoro. Ta ce, "Ke da tun kina ƙarama in kin fasa kofi sai kin yi zazzaɓi? Ƙanwata, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ke ba ki iya haƙa ba. Je ki faɗa. In sun kore ki, ɗakina yana nan."

Har yanzu ban san abin da zan yi ba. Na san dai takardar tana nan, na taɓa ta sau huɗu.

Juma'a, 27 ga wata, 8:20 na safe

Yau ce ranar kwamiti. Ƙarfe goma.

Juma'a, 3:30 na rana, cikin mota

Mutum uku ne: lauya, wani daga hawa na goma sha biyu, da wata mata da aka ɗauko daga waje, mai furfura, ita ke tambaya. Mai Bincike suke ce mata. Darakta yana gefe da littafinsa.

Ta tambaye ni yadda rahoto yake tafiya. Na yi bayani da kyau, wannan na iya. Ta tambayi ƙari sittin da uku, ta tambayi wanda ya sa rana. Sannan ta nuna jerin.

"Ranar huɗu ga wata an mayar da wannan ƙarami. Jiya shugaban gwaji ya ce ba shi ba ne, amma ba shi da abin nunawa. Kin san yadda aka yi?"

Na ce, "An..." Sai na tsaya, na sake farawa.

Na ce, "Ni na canza. Ni na mayar da rahoton kore. Ranar shida ya kawo mini wannan, na sa hannu na karɓa, na ɓoye. Ranar sha ɗaya na sa hannu a buɗe."

Zif ɗin jakar ya maƙale. Na yi ta ja a gabansu, ba wanda ya yi motsi. Da takardar ta fito, katin rigakafin Auta ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Mai Bincike ce ta sunkuya ta ɗauko mini.

Ta karanta sau biyu. Ta ce, "Wani ya sa ki?"

Na ce, "Ba wanda ya ce in canza. An gaya mini abin da zai faru in ban canza ba."

"Wa ya gaya miki?"

Na faɗa. Ban dubi gefen ba. Na ji dai an rufe littafi.

Sun ce in tafi gida sai an neme ni. Ban tayar da mota ba tukuna.

Litinin, 30 ga wata, 10:00 na safe

Gida a wannan lokacin wani iri ne. Firiji yana ƙara, maƙwabta suna shara. Waya a gabana.

Talata, 31 ga wata, 2:00 na rana

Ba su kira ba. Wata baƙuwar lamba ta kira, na ɗauka da sauri, ashe mai gyaran famfo ne.

Ina ta tunanin ko mutumin yana da 'ya'ya. Hamsin da takwas. Na buɗe jarida na fara duba shafin sanarwar rasuwa da bai kamata in duba ba, na rufe. Ban ma san sunansa ba.

Alhamis, 2 ga sabon wata, 5:30 na yamma

Dogo ya zo gida. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo ta'aziyya, ya sha ruwa kofi biyu.

Ya ce shi ma ya koma wajen kwamiti da kansa, ya gaya musu ya san gwaji ɗari biyu bai isa ba. Ya ce Darakta ya tafi hutu, an cire sunansa daga ƙofa, amma ba wanda ya san ko hutun mai dawowa ne.

Ba a soke aikin ba. Mai Bincike ta sa an kwaso 'yan hawa na huɗu da na shida da masu gwaji an zuba su a ɗaki ɗaya. Ranar farko, in ji shi, kamar an haɗa kaji baƙi a akurki. Rana ta biyu wani daga huɗu da wata daga shida suka gano tushen matsalar cikin awa uku, a kan farin allo, suna gardama. An dakatar da duk wani ƙari har sai an buɗe. An cire rana, sai gwaji ya ce an gama sannan a sa. Rahoto kuma yanzu kowane sashe ke sa launinsa da sunansa, ya tafi sama kai tsaye, ba mai taɓawa a hanya.

"Malam fa?"

Ya yi murmushi. "Ya dawo da matashinsa. An ba shi ikon tsayar da komai ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Jiya ya ce a'a sau shida kafin azahar. Ban taɓa jin daɗin kalmar haka ba."

Awa uku. Da na bar ja ɗin nan a wurinsa, awa uku da mako uku ne kawai.

Litinin, 6 ga wata, 11:45 na safe

Sun kira. Na sa katina a ƙofa ina jiran ya ƙi, ya buɗe.

Ba a kore ni ba. An sauke ni mataki biyu, an sa takardar gargaɗi a fayil ɗina, kuma shekara biyu ba zan sa hannu a kan komai ba. Lauya ya ce hukuma na iya nemana daga baya, ba zai iya yi mini alkawarin komai ba. Wannan ya zauna mini a ƙirji, kuma na san zai daɗe a wurin.

Mai Bincike ta ce wata huɗun da ke tafe a cibiyar amsa kira zan yi su. In zauna, in saurara, in rubuta abin da masu amsa kira suke buƙata. Ta ce wata goma sha huɗu muna gina musu abu, cikinmu ba wanda ya taɓa yini a ɗakinsu.

Na ga Malam a baranda. Na tsaya, na rasa ta inda zan fara. Ya ce, "Kin rame, 'yata," ya wuce yana ɗingishi.

Alhamis, 9 ga wata, 6:50 na yamma

Kwana uku a cibiyar. Dogon ɗaki ba taga, tebur goma sha biyu, agogo babba a bango. An zaunar da ni kusa da wadda ta fi kowa daɗewa, shekara ashirin da biyu. Gwaggo kowa ke ce mata, har shugabansu. Muryarta ba ta hawa ba ta sauka, ko da ana ihu a kunnenta.

Sun san daga kamfanin nake, ba su san ko ni wace ce ba. Yau da aka samu sarari tana ɓare lemo, sai ta ce, "Ranar ruwan nan ni ce a tebur na biyar."

Na ajiye birona.

Ta ce matar mutumin ce ta kira. Sau huɗu. "Duk kiran sai in dubi allo in ce mata, ki kwantar da hankalinki, mota tana hanya. Na uku ta ce, baiwar Allah, kin tabbata? Na ce na tabbata. Shekara ashirin da biyu ban taɓa gaya wa mai kira abin da ban sani ba, sai ranar."

Na ce, "Gwaggo, ya rayu?"

Ta ce, "Ba a gaya mana. Mu ba a taɓa gaya mana ba. Kira ya ƙare, wani ya shigo."

Ta miƙo mini ɓarin lemon. Ban karɓa ba. Na ce mata an gargaɗe mu tun kafin a buɗe. Sannan na gyara, na ce ni aka gargaɗa, ni na ɓoye, ni na sa hannu.

Ta daɗe tana kallona. Wayar tebur na uku ta yi ƙara, wata ta ɗauka. Na jira ta tashi, ko ta kira shugabansu, ko ta ce a canza mini wuri. Ta ajiye lemon a kan takarda, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ban yafe ba tukuna. Kada ki tambaye ni."

Na ce to.

Ta mayar da abin sauraro kunnenta, ta jawo takardar shigar da kira ta gaba. Ba ta dube ni ba ta ce, "Gobe ki zo da rigar sanyi, na ga kina rawar ɗari tun shekaranjiya. Ƙarfe shida muke karɓar aiki."